Haƙorin kabayid yana yawan ɓallewa? Duba mariƙin da ka ƙera

Haƙorin kabayid, wato ɗan guntun nan da ake ɗaurewa a bakin mariƙi don yankan ƙarfe a inji, yana da tauri, amma gautsi gare shi kamar tangaran. Ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Shi ya sa mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi ta zagin ɗan kasuwa wai jabu ya sayar masa, alhali mariƙin da ya ƙera da hannunsa ne mai laifi.

Yawancin matsalar a gurbin da haƙorin ke zama take. In ƙasan gurbin ba a shafe yake ba, ko akwai ɗan ɓurɓushi a ciki, haƙorin zai riƙa lilo har ya karye. Lungun gurbin kuma injin yanka ba ya iya fitar da shi tsaf, don haka a fara huda ƙaramin rami a nan, ƙuryar haƙorin ta sami wurin shiga, gefensa biyu su jingina da bango. Sai ramin sukuru. Mutane kan huda shi daidai tsakiya, suna ganin gwaninta ce. Kuskure ne. A matsar da shi wajen lungun da kamar milimita 0.1 zuwa 0.2, yadda in an ɗaure, kan sukurun zai ja haƙorin ya manne da bango.

Karanta haruffan kan kwalin haƙorin ma, su ke nuna irinsa. CCMT yana da gangare na digiri 7 a gefensa, zai zauna a gurbi miƙaƙƙe. CNMG ba shi da ko kaɗan. Sai an karkata gurbin ƙasa da kamar digiri 6, in ba haka ba gugar ƙarfe zai yi, ba yanka ba. Ni dai a ƙaramin inji mara ƙarfi ba na kallon CNMG.

Mariƙin da aka ƙera da ƙarfen rodi ko guntun da aka tsinta a bola yana lotsewa ƙarƙashin haƙori. A nemi ƙarfe mai ƙwari mai lamba 4140 ko makamancinsa.

Tsinin haƙori dole ya daidaita da tsakiyar ƙarfen da ake sassaƙawa. Gara ya ɗan yi ƙasa, a sa siririn ƙarfe a ɗaga mariƙin, da ya yi sama ba gyara. Kada kuma mariƙin ya leƙo fiye da kaurinsa sau ɗaya da rabi. In ka ji inji na kuwwa, aikin na fitowa da zane-zane, ja mariƙin ciki kafin ka taɓa komai.