Kurakuran da Ake Yi Wajen Neman Masu Aikin Sa-kai a Karkara

Babban kuskure shi ne a sauka ƙofar gidan dagaci, a ce ranka ya daɗe a ba mu mutum goma, a karɓi sunaye a juya. Zuwa wurin dagaci wajibi ne, ba a shiga gari ta bayan katanga. Amma duba sunayen da kyau: yawanci 'yan unguwar fada ne da danginsu. Rugar da ke bayan gari ba ta ciki, unguwar masunta ba ta ciki. Ranar aiki, waɗanda aka tsallake ba za su buɗe ƙofa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Gyaran shi ne a roƙi dagaci ya haɗa ka da ɗan rakiya zuwa wurin kowane mai unguwa, da Arɗo, da sarkin ruwa, da liman, kowa ya ba da nasa. Inda akwai Kiristoci, kamar wasu ƙauyukan Sumaila da Doguwa, a je wurin fasto.

Sai harshe. Mukan ɗauka duk Jigawa Hausa ce, alhali akwai Mangawa a Birniwa da Malam Madori, akwai Badawa a Guri, ga Fulani ko'ina. Mazan da ke cin kasuwa suna jin Hausa, amma tsohuwar da ke ruga sai da Fulatanci za ta saki jiki. A nemi ɗan cikinsu. Kuma a kula da kalmar "'yan sa-kai" kanta: saboda abin da ya faru a Zamfara da Katsina, makiyayi da yawa in sun ji ta, masu bindiga suke tunawa. A ce masu aikin gayya, ko masu taimakon al'umma.

Abin da ya fi damuna shi ne mantawa da mata. Namiji baligi ba ya wuce zaure, to wa zai yi magana da mai jego? Aikin rigakafin shan inna ya koya mana wannan. An dakatar da shi a Kano a 2003 saboda rashin yarda, aka dawo a 2004, kuma kafin a kai ga ayyana kawar da cutar a Najeriya a 2020 sai da aka jingina da sarakuna, da malamai, da matan unguwa masu shiga gida-gida. A nemi ungozoma, a nemi malamar Islamiyya. Kafin a rubuta sunan matar aure, a sami mijinta a yi masa bayani cikin mutunci, kada ya ji a bakin duniya.

Kada a sa taro ranar kasuwa. Alhamis mutanen yankin Gumel suna Maigatari, Juma'a Wudil ta cika. Da damina kowa yana gona, da rani makiyayi ya tafi neman kiwo.

Sharaɗin takardar sakandare ko babbar waya shi ma yana korar mutanen kirki. Wanda ya iya ajami ya rubuta rahotonsa da ajami.

Maganar kuɗi kuwa a faɗe ta ranar farko, a gaban kowa. In akwai kuɗin mota, a faɗi nawa ne da ranar biya. In babu, a ce babu. Kada a bar matashi yana zaton aikin gwamnati ne zai biyo baya. Kuma abin da aka ba ɗan cikin gari shi za a ba ɗan ruga, a ƙara wa na ruga kuɗin acaɓa tunda tafiyarsa ta fi nisa.