Yadda Ake Karanta Manga na Binciken Laifi Don Ƙwarewa a Japananci

Kafin komai, ka haddace hiragana da katakana, wato jerin haruffan lafazi guda biyu na Japananci, kowanne haruffa 46. Ba su, ba karatu.

1. Zaɓi manga (littafin labari cikin zane na Japan) na matasa, kamar Meitantei Konan, wanda ake bugawa tun 1994. Irin waɗannan suna ɗauke da furigana, ƙananan haruffan da ke gefen kanji (haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci) suna nuna lafazi, don haka neman kalma a ƙamus ba ya wahala.

2. Fara daga saman shafi ta hannun dama, ka yi hagu, sannan ka sauko. Wanda ya saba da ajami ba zai sha wuya ba.

3. Ɗauki bincike guda, ka karance shi ba ƙamus. Zanen zai riƙe maka zaren labari.

4. Koma farko da biro. Sai kalma ta fito sau 3 za ka rubuta ta. A nan ribar take, domin kalmomin ba sa canzawa: jiken (abin da ya faru), hannin (mai laifi), shouko (hujja), higaisha (wanda aka cuta).

Babin warware asiri ya fi tsauri. Jimlolin na da tsawo, wani lokaci kuma amsar na ɓoye a wasan kanji da ya fi ƙarfin ɗan koyo. Wuce shi, ka dawo daga baya.

A kula: maganar ’yan sanda da masu laifi kaushi gare ta. Kada ka ce wa malaminka “omae” (wato “kai”), raini ne. A Konan kuma akwai wani mai bincike ɗan birnin Osaka da yake magana da karin yankinsu, Kansai, yana cewa “ya” a gurbin “da” na Japananci (wato “ne/ce”).