Yadda Ake Auna Ƙawancen Babbar Ƙasa da Ƙaramar Abokiyarta a Lokacin Rikicin Yanki

Idan kana son fahimtar ƙawancen da ke tsakanin ƙasa mai ƙarfin faɗa-a-ji da ƙaramar ƙasar da ta raɓe ta, ka fara da buɗe taswira. Ka nemi inda wuta ke ci a yankin, sannan ka gano abin da babbar ƙasar ke tsoron rasawa, ko mashigin teku ne, ko sansanin soja, ko hanyar kai makamai.

Daga nan sai ka jera ranakun da tallafi ya ƙaru ko ya ragu kusa da ranakun yaƙin, domin a ganina wannan ma'auni ya fi jawaban shugabanni faɗin gaskiya. Pakistan ta isa misali. A 1979 Amurka ta dakatar mata da tallafi saboda shirinta na nukiliya, amma da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan a watan Disamba na shekarar, sai lissafi ya sauya. Shugaba Carter ya yi tayin dala miliyan 400, shugaban Pakistan Janar Zia-ul-Haq ya raina, kuma a 1981 gwamnatin Reagan ta amince da dala biliyan 3.2 har da sayar da jiragen yaƙi samfurin F-16. Ka lura da wanda ya iya ja-in-ja a nan: ƙaramar ƙasar ce, saboda ta san cewa makaman da ake kai wa mayaƙan Afganistan masu yaƙar Sobiyet ta ƙasarta suke bi. Sobiyet ta janye a 1989, kuma a watan Oktoba na 1990 Amurka ta sake yanke tallafin a kan maganar nukiliyar da aka kau da kai gare ta shekara da shekaru, ta kuma riƙe jiragen da Pakistan ta riga ta biya kuɗinsu.

Ka kuma bincika ko babbar ƙasar tana da wata abokiyar a ɗaya ɓangaren rikicin. A yaƙin da Somaliya da Habasha suka yi kan yankin Ogaden a 1977, Sobiyet ta tsinci kanta tsakanin Somaliya da Habasha, ta zaɓi Habasha; shugaban Somaliya Siad Barre ya kori mashawartan sojan Sobiyet, kuma a 1980 Amurka ta sami izinin amfani da tashar jiragen ruwa ta Berbera da ke Somaliya.

Sai ka karanta abin da aka sa wa hannu, domin alkawarin kariya daban yake da cinikin makamai. Yarjejeniyar dala biliyan 38 da Amurka ta ƙulla da Isra'ila a 2016 ta shekara goma ce, abin da ke nuna dangantakar da ta wuce yaƙi guda. Amma rubutu kaɗai bai isa ba, dole ka duba ko an cika shi ranar da aka shiga uku: Armeniya tana cikin ƙawancen tsaron da Rasha ke jagoranta, duk da haka bayan Azarbaijan ta karɓe yankin Nagorno-Karabakh daga hannun Armeniyawa a 2023 sojojin Rasha na kallo, Armeniya ta dakatar da shiga harkokin ƙawancen a 2024.