Yadda Ake Muhawara Kan Addini Da Hulɗar Ƙasashen Waje

Kafin ka zauna muhawara, ka zaɓi lamari guda ka tsaya a kansa, domin zancen addini a dunƙule ba ya ƙarewa. Ɗauki dangantakar Nijeriya da Isra'ila. An yanke ta a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda Kirista ne, sannan aka maido da ita a 1992 ƙarƙashin Janar Ibrahim Babangida, Musulmin da ya shigar da ƙasar Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986.

Sai ka tambayi abokin muhawararka abin da aƙida ta haifar a nan, da abin da goyon bayan da ƙasashen Afirka suka bai wa Masar a yaƙinta da Isra'ila na 1973 ya jawo. Idan ya kawo aya, ka nemi ya nuna inda ta shiga shawarar gwamnati, kuma kada ka tari numfashinsa ko da ranka ya sosu.