Yadda Ake Gwada Ayisin RAM na Tsofaffin Kwamfutoci

Duk mai gyaran da aka kawo wa kwamfuta irin ta farkon shekarun 1980, kamar IBM PC ta 1981 ko Commodore 64 da ZX Spectrum da suka fito a 1982, zai tarar cewa ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ba sanda ɗaya ba ce da ake zarewa a sauya kamar ta yau. Ƙananan ayisi ne (IC, wato 'yan ƙwayoyin lantarki da ake liƙawa a kan allon kwamfuta) masu ƙafa 16, galibi 8 a jere, kowane yana riƙe da kashi ɗaya cikin takwas na kowane bayani, shi ya sa mutuwar guda ɗaya ta isa ta bar fuskar kwamfuta baƙi ƙirin ko ta cika ta da haruffa marasa kan gado. Aikin shi ne a gano wanda ya mutu ba tare da an kashe masu rai ba.

Kayan aiki na farko mita ce ta auna wuta, kuma da ita ake farawa kafin a kunna ƙarfen dalma. Ayisi mai lamba 4116, wanda ke cikin Spectrum da Apple II, wuta iri uku yake ci: bolt 12 a ƙafa ta 8, bolt 5 a ƙafa ta 9, sai bolt -5 a ƙafa ta 1. Idan -5 ɗin ya ɓace alhali sauran biyun suna shiga, ayisin na iya ƙonewa, don haka wanda ya sa sabo ba tare da ya auna wutar ba ya yi asarar kuɗinsa ne kawai. Mai lamba 4164 da 41256 kuwa bolt 5 kaɗai suke buƙata.

Idan wuta ta yi daidai, sai a bar kwamfutar a kunne na ɗan lokaci a ɗora bayan yatsa a kan kowane ayisi, domin wanda ya fi 'yan'uwansa zafi sosai ya zama abin zargi. Ga Commodore 64 akwai kaset na gwaji mai suna Dead Test da ake sokawa a bayanta, wanda ke sa fuskar ta riƙa walƙiya, adadin walƙiyar kuma ya nuna ayisin da ake tuhuma. Wannan yana rage yawan cire-cire, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, ganin cewa layukan tagulla na allon da ya haura shekara 40 suna saurin ɗagewa idan zafi ya yi musu yawa.

Bayan an cire ayisi ne ake kai shi ga na'urar gwaji. Mafi araha ita ce wadda ake haɗawa a kan Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ake tsara masa aiki, da soket mai ɗan hannu da ake kwantarwa ya damƙe ƙafafun ba tare da an danna su ba. Akwai kuma Retro Chip Tester, ƙirar Jamus, wadda ke gwada ire-iren ayisi masu yawan gaske, sai dai tsadarta ba za ta biya wanda ke ganin irin wannan aiki jefi-jefi ba. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne na'urar TL866 da masu gyara da dama suka riga suka mallaka: tana karanta EPROM, tana gwada wasu SRAM (duka biyun wasu ire-iren ayisin ma'adana ne daban), amma ba ta gwada 4116 ko 4164. Dalili kuwa shi ne waɗannan DRAM ne, suna ajiye bayani a matsayin ɗan caji da ke tsiyayewa, dole a riƙa sabunta shi; a 4116 layuka 128 ake zagayawa cikin kowane kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Kafin a kunna na'urar a duba lambar ayisin sau biyu a tabbatar da wurin da aka sa shi. 4116 da 4164 kamarsu ɗaya a ido, amma idan aka sa 4164 a gurbin 4116, bolt 12 zai shiga ƙafarsa ta 8 wadda bolt 5 aka yi wa, nan take ya mutu. A kuma lura da ɗan tsagin da ke nuna gefen ƙafa ta 1.

Na'urar tana rubuta 0 a kowane gurbi ta karanta, ta rubuta 1 ta karanta, sannan ta cakuɗa su domin ta kama gurbin da ke shafar maƙwabcinsa ko adireshi biyu da suka zama ɗaya. Idan ta ce ayisi ya mutu, to ya mutu, matuƙar ƙafafunsa a goge suke babu tsatsa ko ragowar dalma. Idan ta ce lafiya lau, a nan ne nake ganin ya kamata a jinkirta yarda, domin yawancin na'urorin Arduino ba sa kai saurin kwamfutar kanta, kuma ayisin da ya gaji yakan ci gwaji da sanyin safiya ya faɗi idan ya ɗumama. A bar gwajin ya yi ta maimaituwa na mintoci, a ɗan ɗumama ayisin da na'urar busar gashi daga nesa, musamman da yake kwamfutar za ta yi aiki ne a zafin bazarar Katsina.

Hunturu ma yana da tasa matsalar. Bushewar iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda ake ji ta tsikari hannu idan an taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata ayisi. A ɗaura igiyar sauke wuta a wuyan hannu, a kama ayisi ta gefensa, kada a ajiye shi a leda ko a kan kafet.

Wajen mayarwa, a fara liƙa soket a kan allon sannan a dasa ayisin a ciki, domin kada a sake kai zafi wurin nan gaba. A duba lambar da ke bayan sunansa, wadda ke nuna saurinsa: -15 na nufin nanosakan 150, -20 kuma 200, kuma mai ƙaramar lamba na iya maye gurbin mai babba, amma akasin haka ba shi da tabbas.