Yadda Za Ka Wuce Kwasa-kwasan GST Ba Tare da Kariyoba Ba

Duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci yake karanta ko Larabci, sai ya ci kwasa-kwasan gama-gari kafin a ba shi digiri. Ana kiransu GST, a wasu jami'o'in kuma GSP. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022, aji ɗaya na da GST 111 na Turanci da GST 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu. A aji biyu ana yin falsafa da sanin hujja, a aji uku zaman lafiya da sasanta rikici, ga kuma kwasa-kwasan koyon sana'a. Kowanne uniti 2 ne (uniti shi ne ma'aunin nauyin kwas).

Wannan ƙanƙantar ce take yaudarar ɗalibai. A ce kana da uniti 18 a zango, ka ci B a komai, matsakaicin makinka (GPA) 4.0 ke nan. Idan ka faɗi GST ɗaya, sai lissafin ya koma uniti 16 da ka ci sau maki 4, 64 ke nan, a raba 18, wato 3.56. Saura ƙiris ka faɗo ƙasa da 3.50, inda digiri mataki na biyu mai daraja ta sama yake farawa. Kuma wanda ya kai ajin ƙarshe da kariyobar GST a wuyansa, wato kwas ɗin da ya faɗi sai ya maimaita, ba zai fita tare da 'yan ajinsa ba.

Fara da rajista. Bayan ka zaɓi kwasa-kwasai a fotal, wato shafin rajista na jami'a a intanet, je kafe ka buga fom ɗin, ka bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin kodinetan ajinku ya sa hannu. Inda netwok ke ɗaukewa, sau da yawa mutum ya danna amma zaɓin bai zauna ba, kuma jarrabawar kwas ɗin da ba a yi wa rajista ba aikin banza ce. Idan da difloma ko NCE ka shigo aji biyu, tambayi kodineta ko GST na aji ɗaya ya hau kanka.

Lakcar GST a babban hol ake yinta, ɗaruruwan ɗalibai, lasifika wani lokaci ba ta kai baya. Ka yi sammako ka samu layin gaba. A yawancin jami'o'i ƙa'ida ita ce halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a zauna jarrabawa. Mai zuwa jami'a a Dutse, Kafin Hausa ko Wudil daga ƙauye ya tsara aikin gona da cin kasuwa tun farkon zango, don kada ranar gwaji ta haɗu da ranar shuka. Makin gwaji 30 ne ko 40, wanda ya rasa shi da wuya ya kai maki 40 ɗin da ake buƙata don cin kwas.

Yawancin jarrabawar GST yanzu a kwamfuta ake yinta, ta canki-canka. Idan rabonka da linzamin kwamfuta tun JAMB, ka nemi kafe ka ɗan saba kafin ranar. Sayi littafin da sashen ya wallafa, domin yawanci daga cikinsa ake ciro tambayoyi, ka haɗa da tsofaffin tambayoyi. Ranar jarrabawa ka riƙe katin shaida da takardar jarrabawa, ka tabbatar sunanka da lambarka ne a allo kafin ka fara. In kwamfutar ta mutu, ɗaga hannu nan take a rubuta lambarka, kada ka tashi daga kujera.