Yadda ake amfani da magungunan gargajiyar Sin wajen zubewar gashi da furfurar wuri

A likitancin gargajiyar ƙasar Sin, gashi ragowar jini ne, ƙarfinsa kuma daga ƙoda yake fitowa. Shi ya sa mai magani a can ba ya fara duba kai sai ya duba harshe, ya taɓa jijiyar hannu, ya tambayi barci da cin abinci da bayan gida. Wanda ya sayi kwalba don kawai ya ga hoton baƙin gashi a jikinta ya tsallake matakin da ya fi kowanne muhimmanci.

Mataki na farko shi ne sanin irin zubewar. Gashi 50 zuwa 100 a rana zubewa ce ta al'ada. Idan ya fara zuba da yawa wata biyu ko uku bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, yawanci da kansa yake komawa. Makero na bukatar maganin asibiti na sha, babu saiwar da za ta kashe shi. Gefen goshin da kitso mai tsauri ya cinye, sassauta kitson ne maganinsa. A yi gwajin jini a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da aikin tayirod (wani ƙulli da ke gaban wuya), domin ukun nan suna taɓa gashi, biyu na ƙarshen kuma suna iya kawo furfura tun da ƙuruciya. Furfurar gado kuwa, babu wani babban gwaji da ya nuna ganye yana mayar da ita baƙa.

Bayan haka sai a duba rabon da Sinawa suke yi. Mai busasshen gashi da furfura, ga ciwon ƙugu da jiri da ƙarar kunne, suna cewa hantarsa da ƙodarsa ne suka raunana, shi ake ba magungunan ƙarin ƙarfi. Mai fatar kai mai maiƙo da ƙaiƙayi da amosani, suna cewa laima da zafi ne suka taru masa. Idan aka ba wannan na biyun maganin na farkon, cikinsa zai kumbura, maiƙon ya ƙaru. Nan mutane da yawa suke kuskure.

A fara da mafi sauƙi, wato baƙin riɗi, wanda Sinawa suke kira hei zhi ma. A wanke, a rege tsakuwa, a shanya ya bushe sarai. A soya shi ba mai a kan wuta kaɗan, ana juyawa, har ya fara tsalle yana ƙamshi, sannan a sauke nan take, don idan ya ƙone ɗaci yake yi. A daka shi, domin wanda ba a daka ba yakan wuce cikin mutum yadda ya shiga. Giram 9 zuwa 15 a rana ya isa, wajen cokalin cin abinci ɗaya ke nan ko da ɗan ƙari, a cikin kunu ko da zuma. A riƙa daka na mako guda kawai, saboda mansa yana saurin lalacewa a zafi. Mai gudawa ya dakata da shi.

Na gaba da shi haɗin da ake kira Er Zhi Wan, mai abu biyu daidai wa daida: 'ya'yan itacen nu zhen zi da ganyen mo han lian. Ana samunsa a ƙwaya, ana kuma dafa shi. In dafawa za a yi, a auna giram 6 zuwa 12 na kowanne, a zuba a tukunyar ƙasa ko ta tangaran. Kada a yi amfani da ta ƙarfe ko ta dalma, domin sinadaran ganyen suna haɗuwa da ƙarfen, ruwan ya canja. A zuba ruwan sanyi ya haura maganin da kamar yatsa biyu, a bar shi ya jiƙa minti 30. A ɗora a wuta mai ƙarfi, da ya tafasa a rage ta sosai, a rufe, ya yi minti 30 zuwa 40. A tace, a sake zuba ruwa ƙasa da na farko, a dafa minti 20 zuwa 30, a haɗa ruwan biyu, a raba safe da yamma, a sha da ɗumi. Idan ruwan ya ƙafe har maganin ya kama, a zubar, kada a ƙara ruwa a ci gaba. Abubuwan nan biyu masu sanyi ne a lissafinsu, don haka wanda cikinsa ke saurin ɓaci zai iya ganin bayan gida ya yi ruwa, sai ya bari.

Na wankin kai kuwa wani ganye ne da Sinawa suke kira "ce bai ye". Ana dafa busasshensa kamar giram 30 zuwa 50 a ruwa lita biyu na minti 20, a tace, ya huce, a jiƙa fatar kai da shi minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a mako. A fara gwada shi a bayan kunne a kwana a gani. Goga ɗanyar citta a sanƙo tsohuwar al'ada ce a Sin, amma tana ƙona fata, kuma wani bincike da aka yi a can a 2013 ya nuna babban sinadarinta yana rage tsiron gashi a jikin ɓeraye. A bar ta a shayi.

Sai he shou wu, saiwar da ta fi suna a wannan fanni, wadda a Turai da Amurka ake sayarwa da sunan fo-ti. Ita ce ginshiƙin haɗin Qi Bao Mei Ran Dan mai abu bakwai, wanda masanin magungunan Sin Li Shizhen ya kawo a kundinsa na magunguna da aka buga a 1596. Saiwar kala biyu ce. Ɗanyar, mai launin ƙasa-ƙasa da ja, maganin bushewar ciki ce, zawo take sawa, ba ta gashi ba ce sam. Ta gashi ita ce zhi he shou wu, wadda aka turara da ruwan baƙin waken suya, kilo 10 na wake ga kilo 100 na saiwa, har ta yi baƙi da tauri, cikinta yana sheƙi. Masu tsohon hannu sau tara suke turarawa suna shanyawa. Idan an karya yanki aka ga cikinsa da haske, bai turaru ba. Garin da ba a rubuta ko wanne ne ba, kada a saye shi.

Saiwar nan tana lalata hanta, har wadda aka turara ɗin. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kanta a 2006. Ta ƙasar Sin ta yi nata a 2014, ta kuma ƙayyade cewa a kayan ƙarin lafiya kada a wuce giram 1.5 na ɗanya ko giram 3 na turararriya a rana. Giram 6 zuwa 12 na turararriya da ke cikin kundin magunguna na ƙasar na wanda ƙwararre yake bibiya ne. An kuma gano cewa masu wata ƙwayar gado, HLA-B*35:01, sun fi kamuwa, ko da kaɗan suka sha, kuma ba a gane mai ita da ido.

Saboda haka wanda zai sha ta ya fara da gwajin hanta da na ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a Najeriya da Nijar, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Idan an same shi, maganar he shou wu ta ƙare. Haka ma mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da mai shan maganin tarin fuka ko yawan farasitamol. Wanda ya fara, ya maimaita gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu. Kasala mai nauyi, tashin zuciya, ƙin abinci, fitsari kamar shayi, ko idanu su yi ɗorawa irin na shawara, duk alamun tsayawa ne a ranar, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Wanda ta taɓa yi wa haka kada ya sake kusantarta, karo na biyu yakan zo da sauri kuma ya fi muni. A karanta jerin abin da ke cikin kowace ƙwayar gashi, domin sau da yawa he shou wu tana ciki da sunan Polygonum multiflorum.

Gashi wajen santimita ɗaya yake tsawo a wata, don haka ba a yanke hukunci kafin wata uku. A ɗauki hoton tsakiyar kai da goshi a ranar farko, a wuri ɗaya da haske ɗaya, a maimaita kowane wata. Idan wata uku suka cika riɗi da Er Zhi Wan da wankin ba su canja komai ba, kada a ƙara awo ko a haɗa kwalabe biyu, a kai hotunan wurin likitan fata.